Kwaɗon Wuyan Koen

"Babu karan ɗori a tsakani," in ji Evert, yana buga tebur. "Kalma ɗaya ce. Wa ya koya maka rubutu?"

Muna gyaran mujallar ƙungiyarmu ta maza masu son maza a Rotterdam. Bram, wanda bara ya shigo cikinmu, ya raba kalmar da muke kiran wanda ya miƙa wuyansa ga wani. Evert, editanmu, ya yi masa tatas.

Koen, wanda ya tsufa da sarƙar Evert a wuya, ya ce a hankali, "Ni dai na Bram ya fi yi mini kyau."

A wurinmu wanda ya sa wa mutum sarƙa ke riƙe makulli, shi kaɗai ke buɗe kwaɗon sarƙar, kuma in ya buɗe shi a gaban jama'a, kora ce.

Evert ya yi murmushi. "Zo ka durƙusa, tsoho. Mu ga wanda zai kwashe ka da wannan tumbin."

Koen ya durƙusa. Evert ya zura makullinsa a kwaɗon, makullin ya ƙi juyawa. Ya sake gwadawa, a banza.

"Kada ka karya mini kwaɗo," in ji Bram. Ya ciro wani makulli daga aljihu ya ajiye a tebur. "Tun bara ni da Koen muka canja shi."

Koen ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Na ɗauka za ka lura, Evert. Kai da ko ɗigo ba ya wuce ka."