Zare a Hannun Dama

Yanzu ba a shiga kasuwa sai an tsaya gaban madubin da ke ganin hanji. In ya ga ciwon daji, a ɗaura wa mutum jan zare a hannun ɓangaren da ciwon yake.

Yau aka ɗaura wa matata Gambo a dama.

Na ce, "Alhamdulillahi, dama alheri ce."

Ma'aikaciyar da ke kula da madubin ta sunkuyar da kai. "Baba, ciwon hagu ke tona kansa da wuri, a ga jini. Na dama shiru yake ci, sai gajiya. Nata ya daɗe."

Gambo ta dube ni. "Malam, ka ji? Ba lalaci ba ne."

Na sauke kwandon kayan da ke kanta na ɗauka, jama'a na kallo.