Ɗan Gida

Takalma sawu arba'in masu tambarin "Gumel", takardar farashi, ruwan leda biyu. Abin da ta shigo da shi motar Maigatari ke nan. Idan ba su sayu ba, ma'aikata bakwai da marigayi mahaifinta ya bar mata za su rasa aiki.

Ɗan kasuwar da ta kai wa kayan ya juya takalmi ɗaya, ya taɓe baki.

"'Yata, aiki ya yi kyau. Amma wa zai sayi ɗan gida? Dubi abin da mutane ke so."

Ya miƙo mata wani daga kantar shagonsa, an buga masa "Italiya". Ta kifa shi. Ɗinki biyu-biyu, da ƙulli a dunduniya. Hannu ɗaya ta sani mai irin wannan ɗinki.

"Shekara goma sha biyu mahaifinki ya yi yana kawo min," in ji shi. "Da me kike zaton ya kai ki karatu Turai?"

Da la'asar ta koma masana'anta. Ta rufe ƙofa, ta dubi tsohon da ke yankan fata.

"Kawu, fito da ɗaya hatimin, na 'Italiya'. Daga gobe shi za mu buga."