Shirmen Hindatu

Tun da aka kawo safar hannu mai koyar da wasan takobi, 'yan wasa suka koma sara iri ɗaya, ba mai cin wani. Sai hukuma ta ce babbar shaidar koci sai wanda ɗalibinsa ya iya kuskure.

Malama Tasalla ta sha fama da ɗalibarta Hindatu, wadda ko tuwo take ci, yatsunta na kai sara da kansu.

Ranar jarrabawa Hindatu ta kai sara babu safa, ta sari iska.

"Wa ya koya miki wannan shirmen?" in ji alƙali.

Tasalla ta kasa kunne, don kuskuren da aka koyar ba ya karɓuwa.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Nawa ne," in ji Hindatu.

Ya tuntsire da dariya. "Malama, zo ki karɓi shaidarki."