Faifai na Uku

Karo na huɗu ke nan akwatin kwamfuta na ajiyar hotuna da muryoyi da ke kan kanta a falo ya nuna faifai biyu maimakon uku. Kullum kuma na ukun ne ke ɓacewa, wanda babban ɗan gidan ya rubuta wa "Inna" a goshi, domin muryar marigayiya tana ciki.

Ya sake wa akwatin wayar wuta, ya hure ƙura, ya kira mai gyara.

"Lafiyarsa ƙalau, maigida. Wani dai ke ɗan zaro shi daga mazauninsa."

Daga nan ya fara kallon kowa a kaikaice. Ya tsare ƙanwarsa da tambaya, ta ce, "Haba Yaya, ni da ko rimot ke gagara ta?" Matarsa ta daina share wajen gaba ɗaya. Sai ya barbaɗa hoda a kan kantar, ya tafi aiki.

Da ya dawo, ga sawun hannu ɓaro-ɓaro, yatsu huɗu. A duk gidan, mutum ɗaya ne zarto ya taɓa cinye wa yatsa.

Ya same shi a inuwa, ya durƙusa. "Baba, me ya sa?"

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Kaset ɗin bikinmu, yawan juyi ne ya cinye shi. Na kara kunne a akwatin nan, na ji abin yana ta juyawa, ko tsayawa ba ya yi." Ya goge hodar a rigarsa. "Na ce bari uwarku ta ɗan huta, kada ita ma ta ƙare."