Fuskar Da Ta Daina Rawa

Fuskar ta sake rawa, Munzali ya daki tebur har shayinsa ya zube.

Bidiyon tsoho ne, wani maƙwabci ya ɗauka da ƙaramar waya a bikin kamun kifin Argungu. Mahaifinsa Tamba ne ke fitowa daga ruwa da ƙaton kifi a kafaɗa, sai dai fuskar dishi-dishi take, ba ido ba hanci. Ba wani hoton Tamba a duniya bayan wannan. Katinsa na zaɓe ma ambaliya ta tafi da shi. Shi kuwa Munzali yana ƙarami uban ya rasu, muryarsa kawai yake iya tunawa.

Gyaran bidiyon biki ne sana'arsa a Birnin Kebbi, kuma yana da manhajar ƙirƙirarriyar basira mai fito da hoton da ya dushe. Aibinta ɗaya ne. Bidiyo hotuna ne jere da juna, ita kuwa kowane hoto daban take gyara shi, abin da ba ta gani ba ta cike da hasashe. A wannan hoton hancin Tamba dogo, a na gaba ya baje, tsagar kumatunsa ta fito ta ɓace. In aka kunna, fuskar sai ta riƙa ƙyaftawa kamar kwan lantarki mai shirin mutuwa.

Ga lokaci yana ƙurewa. Idanun Inna Kulsumi, mahaifiyarsa, suna rufewa, likita kuma ya ce abin da ya rage mata na gani ba zai kai ƙarshen damina ba. Abu ɗaya ta roƙa.

"Munzali, in ga huskar Tamba sau guda, kahin duhu ya game ni."

Haka take kiransa, Munzali gatsau, ko a gaban baƙi, alhali shi ne ɗan fari. Matan unguwa sun yi ta mata tsiya wai ba ta san kunyar ɗan fari ba, ita ko a jikinta. Ita ce mai cusa masa ƙosai a aljihu, ita ce kuma mai aikensa da sadakar waina duk Juma'a, ladan ga Tamba da Junaidu, abokin kamun kifinsa mutumin garin Gulma, wanda ruwa ya ci a daminar da matarsa ta rasu wajen haihuwa.

Ba abin da Munzali bai gwada ba. Ya sa manhajar ta riƙa duba hoton baya da na gaba kafin ta gyara na tsakiya. Rawar ta ragu, amma fuskar ta narke ta koma kamar kunu. Ya ƙara mata kaifi, rawar ta dawo har da ƙari. Wuta ta ɗauke, ya tayar da janareta, mai ya ƙare, ya ari na mai aski. Ana haka ƙanwarsa Sauda ta kira daga Argungu ta ce yau Inna ta zuba ruwan zafi a gefen kofi, ba ta ga bakinsa ba. Ya kife kai a tebur ya yi kuka sosai, don tsoro ya gama kama shi.

Hanya ɗaya ta rage, wadda yake ta gudu. Manhajar tana karɓar hoto mai kyau na mutum, ta riƙe kamanninsa daga farkon bidiyo har ƙarshe, ta daina hasashe. Ba hoton Tamba. To, wa ya fi ɗa kama da ubansa? Ya san ha'inci ne, ya yi istigfari, ya juya waya ya ɗauki fuskarsa ya ba ta.

Nan take rawar ta tsaya. Ga mutum sosai yana fitowa daga ruwa, faffaɗan goshi, wushirya, yana dariya. Munzali ya daɗe yana kallo, har zuciyarsa ta yarda ubansa ne.

Kafin la'asar yana Argungu. Ya durƙusa gaban Inna a inuwar rumfa, ya kara mata kwamfutar dab da ido. Ta kalla, ta ce a maimaita, ya maimaita. Ta shafa gilashin kwamfutar da yatsa.

"Wanga ba Tamba na ba," ta ce a hankali. "Ina kas samo hoton Junaidu?"

Munzali ya sauke kwamfutar. "Inna, ki gahwarce ni. Ba Junaidu na ba. Hotona nis saka, don na rasa na Baba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta lalubo kansa, ta bi goshinsa da tafin hannu kamar yadda ta shafa gilashin, hawaye na bin kumatunta.

"Kai ba ka taɓa tambaya ba, mi yas sa nike kiran sunanka ba kunya? Ɗan hwarina a ciki yaɓ ɓare, Munzali. Kai cikin tsumma Tamba yak kawo mani kai daga Gulma, ranar da ruwa yac ci ubanka."