Zaren Ba'indiye a Hannun Kakana

Wata la'asar cikin damina, ni da kakana muka iske Ba'indiyen da ke haƙa mana rijiya a Tabotaki ya ɗaura wa wata takarda mai launi uku dogon zare, iska ta ɗauke ta sama.

Direbansa ya ce, "Baba, a rana irin ta yau Turawa suka bar ƙasar Indiyawa. Haka suke murna."

Kakana ya ɗauki duwatsu a aikin tilas zamanin Anasara, kuma ba ya son zancen. Ya miƙa hannu, aka ba shi zaren.

Ya dube ni ya ce, "Ashe su ma sun sha wuya, kuma ta wuce. Taho ki riƙe, jikata."

Har yau ina jin ƙarfin iskar nan a tafina.