Jiƙon Kaka Fatu

Ranar da yajin aiki ya sa aka rufe ɗakin dabbobi na jami'a, Abdullatif ya dawo gida da keji biyu ɗaure a bayan babur. Fararen ɓeraye ne guda goma sha biyu, shida a kowane keji. Ya ajiye su a ɗakin zaure, ya shafa wa keji ɗaya jan fenti.

Matarsa Sakinatu ta leƙo daga bayan labule. Wata biyar ke nan da aurensu, har yanzu ba ta iya haɗa ido da shi. A gidansu ɓera kashe shi ake yi, ba a taɓa saya masa abinci ba. Ta saki labulen.

Aikin digirinsa na biyu ke nan. Kakarsa Fatu ta Wurma tana da wani ganye mai ɗaci da take jiƙa wa masu fargaba da ƙuncin zuciya, shi kuma zai gwada a jikin ɓeraye ko da gaske yana aiki. Dakta Hudu, malamin da ke duba aikin, ya ba shi zuwa ƙarshen wata. In babu sakamako, sai baɗi.

Tun da aka faɗa masa haka ya daina cin abincin kirki. Ya rame. Ko faranti ya faɗi a tsakar gida sai ya zabura.

Da yake da sassafe yake fita zuwa Kurfi, inda yake koyarwa a wata makaranta, sai ya damƙa wa Sakinatu awon safe. Ita ce dama ta iya jiƙon, don Kaka ta koya mata. Ya nuna mata sirinji marar allura, da layin da za ta tsaya a kai.

"Na jan keji kawai za ki ɗiga wa a baki. Waɗancan ruwa zalla."

Ta dubi ɗayan kejin. Ɓerayen sun jeru jikin waya suna kallonsu.

"Malam, su laifin me suka yi?"

Ya yi dariya, ta farko a makon. "Ba su yi laifi ba. Da su ake gane bambanci."

Ta gyaɗa kai. A gidan mahaifinta dai, ko gyaɗa aka soya, sai an ƙirga duk yaran da ke tsaye kafin a raba.

Kwanaki suka tafi. Ganyen da Kaka ta ce zai kai wata ya ƙare a kwana goma. Abdullatif ya ce awakin maƙwabta ne ke ci in an shanya, ya koma Wurma ya ƙaro. Kunun safe ma ya ɗan canza, ya ce tsamiyar bana akwai ɗaci. Sakinatu ta ce to.

Ran gwaji ya fito da wani katako mai hannu huɗu da kafinta ya haɗa masa, biyu masu bango, biyu a buɗe, ya ɗora a kan kujera. Ɓera mai tsoro, in ji shi, lungu yake maƙalewa. Wanda hankalinsa ya kwanta shi ke fita fili.

Ya fara da na jan keji. Ɗaya bayan ɗaya suka fita fili suna shan iska, wani har ya zauna yana wanke fuska. Abdullatif ya duba agogon wayarsa, ya rubuta, yana murmushi.

Sai ya ɗauko na ruwa zalla. Su ma suka fita fili. Wani ya je bakin katakon ya leƙa ƙasa, ya miƙe ƙafa ya kwanta.

Ya sake washegari. Ya sake jibi. Babu bambanci ko na daƙiƙa.

Dakta Hudu ya duba takardun ya ce jiƙon bai fi ruwa da komai ba, a sake daga farko baɗi. Sakinatu ta tsaya bakin ƙofa tana jiran dawowar Abdullatif. Ya shigo yana fito, ya ce Allah ya kai mu baɗin, ya cinye tuwo malmala uku, ya yi barci har la'asar.

Ran Juma'a suka je Wurma don ya faɗa wa Kaka da bakinsa.

"Tsohuwa, sai haƙuri. Kimiyya ta duba, ganyenki ba ya aiki."

Kaka Fatu ta kare ido da hannu ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Wancan zuwan, rigar nan lilo take yi a jikinsa. Yanzu maɓallin wuya ya ƙi rufuwa.

"To, mijina, ai ku ne masu boko. Shekarar da ka rasa fa, ba ta dame ka ba?"

"Ko kaɗan. Ni kaina ina mamaki."

"Madalla."

Da ya fita masallaci, tsohuwar ta jawo Sakinatu kusa da ita a kan tabarma, ta sassauta murya.

"Kishiya, ya ce mini shida ake ba wa. Ke nawa kike auna wa kullum?"

Sakinatu ta ja bakin mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a ƙasa.

"Sha uku, Kaka. Sha biyu da sirinji, babban da ludayi."